Gida Ɗaya, Rauta Ɗaya, Kowa da Halinsa

A unguwar Hubbare ta Sakkwato, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, akwai manyan gidajen da ake ci daga tukunya ɗaya, a yi salla a sahu ɗaya, amma na'urorin mutanen gidan ba sa ga maciji da juna. Laftof ɗin maigida Windows ce. Ɗan da ya dawo karatu daga waje Mac yake riƙewa. Wani ɗalibi ya goge tasa ya zuba Ubuntu. Mata da yara kowa da Tecno ko Infinix ko Itel, sai iPhone ɗaya ko biyu a hannun masu hali. Dukansu rauta guda suke tatsa, wadda aka rataye a ƙusa a shigifa. Lafiya lau ake zaune har ranar da aka ce a ɗauko bidiyon bikin da ke cikin wannan kwamfuta a kai waccan, tafiyar da ba ta kai taku goma ba.

A ƙa'ida babu abin wahala. Akwai hanya guda da na'urorin nan suka yarda da ita wajen miƙa wa juna fayil, ana ce mata SMB. Wani ma'aikacin IBM mai suna Barry Feigenbaum ya ƙirƙiro ta a 1983, Microsoft ta ɗauka ta raine ta. A 1992 wani ɗalibi a Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, don kwamfutocin da ba na Windows ba su samu shiga zancen. Apple ma tun 2013 ta mai da ita babbar hanyarta. Kowa na jin kowa ke nan. Abin da ya rage tambayoyi biyu ne da na'ura ke yi wa duk mai son shiga folda: wane ne kai, kuma me aka yarje maka, karatu kawai ko har da rubutu da gogewa? Su kuwa tambayoyin nan ba a saba amsa su ƙarara a babban gida ba, inda a baki komai na kowa ne, a zuci kowa na da abin da ba ya son ƙaninsa ya gani.

Wanda ake fara kira shi ne injiniyan gida. Ba wanda ya naɗa shi, shi ma bai nema ba. Yana karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ba ruwan kowa da cewa ilimin tsirrai yake karantawa; tun ranar da ya dawo wa Gwaggo da ƙarar wayarta sarauta ta hau kansa. Ana tashinsa daga barcin rana: "Kai, taho ka diba muna abin ga, ya ƙiya." Yaron ya san aikinsa daidai gwargwado. Zai fara duba ko na'urorin biyu a kan waifai ɗaya suke, domin sau da yawa ɗaya tana kan rauta, ɗayar tana maƙale da hosfot ɗin wayar wani. Zai duba ko Windows ta ɗauki waifan gidan a matsayin na cikin jama'a, irin na tasha ko otal, domin in ta ɗauke shi haka ɓuya take yi, ba ta gani, ba a ganinta. In sunan kwamfutar ya ƙi fitowa, ya san ya buga lambar adireshinta kai tsaye, 192.168 da abin da ya biyo baya. In lambar nan ta 0x80070035 ta fito, ya san na'urar cewa take ba ta ma ga hanya ba, balle a kai ga batun izini. Ladansa kuwa iri biyu ne. In abin ya yi, a ce, "Ashe ba wani abu ba na." In wani abu ya lalace a gidan cikin wata shida masu zuwa, ko da firiji ne, a ce, "Tun da yat taɓa ta."

Cikas ɗinsa na farko mahaifinsa ne. An iso ƙofar folda, na'ura ta nemi sunan asusu da kalmar sirri, an juyo ga Alhaji.

"Baba, mi ce kalmar sirrin laftof ɗinka?"

"Ni ban da wata kalma. Lamba huɗu nika bugawa ta buɗe."

Lamba huɗun nan ta wannan laftof ce kaɗai, ba ta ƙetare ta. Mai zuwa ta hanyar rauta ainihin kalmar sirrin asusun ake tambayarsa, wadda yaron shagon da ya saita laftof ɗin ya ƙirƙira shekarun baya, ya rubuta a bayan rasit, rasit ɗin kuma ya bi wanki. Sunan asusun ma ba na Alhaji ba ne, sunan kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ne. In Allah ya sa ya tuna wani abu mai kama da ita, ba zai furta a gaban yara ba. Sai an kawo masa na'urar, kowa ya juya baya, ya ɗora tabarau, ya buga da yatsa ɗaya alhali maɓallin manyan baƙaƙe yana kunne. Ya kuma danna wurin da aka ce a tuna masa da ita, Windows ta adana kuskuren da amana, gobe ta ci gaba da miƙa shi ba tare da ta sake tambayar kowa ba. Alhaji bai taɓa yarda cewa shi ya manta ba. Kayan yanzu ne ba su da ƙarko.

Daga shi sai mai rantsuwa. Wannan wa ne, ko ɗan baffa, wanda fayil ɗin yake cikin kwamfutarsa. "Wallahi na buɗe, ku diba ku gani, ga shi nan na raba ta." Kuma ba ƙarya yake yi ba, ya raba. Abin da bai sani ba shi ne izini a Windows hawa biyu ne: akwai na rabawa, akwai kuma na ita kanta foldar a kan faifan ajiya, a wani shafi daban da ke kusa da na farkon. Kamar ka buɗe wa baƙo zaure ne ka bar kwaɗo a ƙofar ɗakin da ka ce ya kwana. In izinin biyu suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Shi ya sa ake ganin foldar, ana iya karanta sunanta, ana dannawa a ce ba ka da izini. Mai rantsuwa ba ya duba shafi na biyu, yana ƙara rantsuwa ne da ƙarfi, kamar na'urar shakkar gaskiyarsa take yi.

Gajiya da shi ke haifar da sarkin kyauta. Shi maganinsa guda ne ga kowace cuta: a buɗe wa kowa komai. Ya ba kowa da kowa cikakken iko a hawa biyun, ya kashe neman kalmar sirri, ya sauke katangar tsaron Windows gaba ɗaya, kuma ba foldar biki kaɗai ya raba ba, duk faifan ya raba don kada a sake damunsa. Nan take abu ya yi aiki, ya miƙe yana kaɗe riga yana kallon injiniya da tausayi. Kwana kaɗan za a yi ana yaba masa. Sannan wani yaro ɗan firamare da ke neman wurin zuba wasan ƙwallo ya ga wata folda mai nauyi ya share ta daga ɗayar kwamfutar. A nan gidan zai koyi abin da ba a rubuta a jikin kwali ba: fayil ɗin da aka goge ta hanyar netwok ba ya faɗawa kwandon sharar Windows. Ya tafi ke nan. Bidiyon ɗaurin aure da na kamu da na buɗar kai, da hotunan Kaka na ƙarshe kafin ta rasu. Sarkin kyauta zai ce ƙaddara ce, kuma ba wanda zai iya musa masa a fili.

Kishiyarsa mai zargi ne, kuma na fi jin tausayinsa. Akwai wata folda a kwamfutarsa da ya sa wa suna "Darussa," kowa kuma ya san ba darussa ba ne a ciki, wasiƙu ne da hotunan wadda bai riga ya gaya wa Baba zancenta ba. Da ya ji an haɗa kwamfutoci, barci ya ƙaurace masa. Cikin dare ya shiga shafin izini, ya zaɓi rukunin kowa da kowa, ya danna hani a kan komai. Bai yi tunanin shi ma yana cikin kowa da kowa ba, kuma a dokar Windows hanin da aka ɗora kai tsaye yana rinjayar izini. Da safe foldarsa ta kore shi. Yanzu dole ya nemi injiniya, wato ƙaninsa, wato mutumin da aka yi kullen dominsa tun farko, ya tsaya a kansa yana cewa, "Gyara kawai, kak ka buɗe."

Ɗan Linux kuwa, wato mai Ubuntun nan, ba gyara ya zo yi ba, wa'azi ya zo yi. Kafin ya zauna sai ya tunatar da jama'a cewa da sun bi shawararsa sun bar Windows da ba a kai ga haka ba, cewa manhajarsa kyauta ce, cewa manyan kwamfutocin duniya da ita suke aiki, kai har Android ɗin da ke aljihunsu a kanta aka gina shi. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda ya tambaye shi. Sai ya buɗe baƙin allon nan mai fararen rubutu, yara su taru a bayansa suna zaton banki zai fasa. Ya shiga smb.conf ya ƙara layi biyar, ya sake tayar da Samba, ya ce a gwada. An gwada, ta ƙi. Ya manta Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban da na shiga kwamfutar, sai an yi wa mutum rajista da smbpasswd. Ya yi, aka shiga, aka ga folda, aka kasa ajiye komai a ciki.

A nan ake gane ɗan Linux na gaske da na riya. A tsarinsu kowane fayil yana da lambobi uku: ta mai shi, ta rukuninsa, ta sauran jama'a. Karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa ko ratsa folda 1, sai a tara. Wanda aka ba 7 an ba shi duka, wanda aka ba 5 ya karanta ya wuce, wanda aka ba 0 ko leƙe. Na gaske zai tsaya ya yi lissafin wa ya cancanci nawa, ya kuma tuna cewa Ubuntu tun 2021 ta rufe babbar foldar kowane mai asusu ga sauran jama'a, don haka ko ka buɗe ta ciki, in ta wajenta a rufe take, aikin banza ne. Na riya kuwa zai waiga hagu da dama, ya buga chmod 777, ya share allon da sauri. Wato abin da sarkin kyauta ya yi da linzami shi ya yi da baƙin allo, sai dai shi ya haɗa da huɗuba. Shi ne kuma mai ajiye "Biki" da "biki" a wuri guda a matsayin folda biyu, abin da Linux ta yarda da shi, Windows kuwa a wurinta suna ɗaya ne, sai ta rasa wacce za ta nuna.

Mai Mac ba ya huɗuba. Jimla ɗaya gare shi, yana faɗinta a hankali yana shafa murfin azurfar: "Ni tawa ba ta haka." Tun da ya dawo yake ba da labarin AirDrop, yadda ake tura hoto ba waya ba kebul, kuma gaskiya abin yana da kyau in duk danginka kayan Apple suke riƙewa. Itel ɗin Gwaggo dai bai san da zamansa ba. In aka matsa masa ya buɗe Finder ya buga smb:// da lambar adireshi ya shiga, ya kwashi abin da yake so. In aka ce shi ya ba da nasa, sai a tarar bai danna wurin da ke ba masu Windows damar shiga da asusunsa ba, bai ma san akwai shi ba.

Ɓarnarsa a ɓoye take. Duk foldar da ya ratsa sai ya bar .DS_Store, wani lokaci da wasu 'yan ƙananan fayiloli masu ɗigo da ƙaramin layi a gaban suna, kowane da sunan bidiyo na gaske. A Mac ba a ganinsu. A wata na'urar Inna za ta danna ɗaya ta ga ya ƙi buɗewa, ta ce an lalata mata bikin ɗiya. An kawo masa faifan ajiyar gida mai tsarin NTFS, Mac ɗinsa ta karanta ta ƙi rubutawa, domin iyakar abin da take yi ke nan in ba a ƙara mata wata manhaja ba. Ya ce faifan ne jabu. Hotunan iPhone ɗinsa tun 2017 a tsarin HEIC suke fita, tsohuwar laftof ta kalle su ta ce ba ta san su ba. Yana sa alamar tambaya da tauraro a sunan fayil, Windows kuwa ta haramta su. Duk wannan bai taɓa sa ya yi zaton matsalar ta ɓangarensa take ba. In an ce a mai da faifan exFAT don kowa ya iya karatu da rubutu, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce in hakan zai taimaka musu.

Inna ba ta cikin masu gardama, amma ita ke da hukuncin ƙarshe. Soket ɗin da rauta take shi ne mafi kyau a gidan, kuma in wuta ta zo akwai markaɗe, akwai guga, akwai wayoyi shida masu jiran caji. Bidiyo ya kai kashi tamanin cikin ɗari, sai a ga ya tsaya cak. "Wane ɗan akwati? Wanga mai ƙyalƙyali? Na cire shi ɗan lokaci kaɗan na." Da an mayar, rauta ta sake rabon lambobi, kwamfutar da ɗazu take 104 yanzu ta zama 101, duk hanyoyin da aka adana sun koma nuna inda ba kowa. Haka ake yi duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta. Maganin shi ne a shiga rautar a keɓe wa kwamfutar lamba ta dindindin, aikin minti biyar, amma kalmar sirrin rautar ma tana bayan wancan rasit ɗin. Ga kuma katangun tsofaffin gidajen cikin gari, masu kaurin da ke sanyaya ɗaki a watan Afrilu lokacin da zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Su ne ke cinye waifai kafin ya kai sashen amarya.

Kawu yana da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP, lulluɓe da zanen atamfa, cikinta akwai takardun gonaki da tarihin zuri'a da ya buga da hannunsa. Microsoft ta daina kula da XP tun 2014, Kawu bai daina ba. Ita tsohon samfurin SMB na farko kaɗai ta iya, wanda ta cikinsa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. A ƙarshen shekarar Microsoft ta fara cire shi daga Windows 10. Sabuwar laftof ba za ta yi magana da kwamfutar Kawu ba sai an dawo mata da shi da gangan, kuma sarkin kyauta a shirye yake ya yi hakan. Kawu dai matsayinsa bai sauya ba: "Tawa lahiyatta lau. Ku gyara naku."

Akwai mai bin tsohon bidiyon YouTube, yana ta neman HomeGroup a inda mai bidiyon ya nuna, bai san an cire shi tun 2018 ba. Akwai mai cewa "jiya shina yi, ban taɓa komi ba," wanda galibi ya taɓa, amma wani sa'in gaskiyarsa ce: Windows ta sabunta kanta cikin dare, kuma Windows 11 Pro ta 2024 ta daina yarda a shiga folda ba suna ba kalmar sirri. Akwai mai gyaran kasuwa da ake kira a waya, wanda kafin a gama bayani ya yanke hukunci, "Sai an yi fomatin," ko da ciwon bai wuce akwati ɗaya da ba a danna ba. Akwai mai filashi a aljihu, mai cewa a bar wahala a zuba a nan. Filashin tsarin FAT32 gare shi, ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, bidiyon kuwa ya fi haka; ga shi ya kwana a shagunan buga takardu na bakin makaranta, ya kwaso cutar nan mai ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Ya zo da niyyar taimako, ya bar kwamfuta uku a kwance.

Baffa lamarinsa ya fi na kowa nauyi, domin ya taɓa zumunci. Gidajen Hubbare ba sa rabuwa da baƙi masu ziyara, daga ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Zamfara, daga Ƙonni da Tawa da Maraɗi, kowa kuma in ya huta sai ya nemi waifai. Ga maƙwabta, waɗanda tun da Android ta fara nuna kalmar sirri a hoton da ake ɗauka da kyamara, yaro ɗaya ya isa ya raba wa layi guda. Don haka injiniya ya yi abin da ya dace, ya buɗe waifai na biyu na baƙi, mai ba da intanet amma ba ya bari a ga kwamfutocin gida. Kuskurensa ɗaya, a kan shi ya ɗora wayar Baffa. Baffa ya nemi foldar hotuna bai gani ba, ya sa aka bincika, aka gaya masa dalili.

"Ni na baƙo? Cikin gidan ubana? Kira man uban naka."

Sai da aka yi zaman sulhu bayan la'asar.

Mutum ɗaya ne a gidan yake amsa tambayoyin na'ura ba tare da kwana-kwana ba, kuma shi bai taɓa taɓa linzami ba. Malam tsoho ne, mai akwatin littattafan da ya gada, rubutun hannu a gafaka: kwafin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, da waƙoƙin Nana Asma'u cikin ajami, ita da kabarinta yake nan Hubbare kusa da na mahaifinta. Jikokinsa sun ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, irin aikin adanawar da ya sa aka tara rubuce-rubuce a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Da aka zo batun wa zai gani, injiniya ya fara kame-kamen yadda zai yi masa bayani, Malam ya katse shi.

"Wane da wane da wane su karanta. Kowa kas shi gyara ko wasali ɗaya. Mai son kwafi shi zo shi tambaye ni. Kuma ku aje wani can wani gida, na ga abin da gara taka yi, na ga abin da damina taka yi."

Sunayen masu shiga, izinin karatu kawai, da ajiyar kwafi na biyu a wani wuri: abin da ake biyan ƙwararru su tsara wa ma'aikatu ke nan. Malam ya taso a garin da ɗalibi ba ya karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi ijaza, inda kuskuren mai kwafi ɗaya kan bi littafi shekara ɗari. Foldarsa ce kaɗai a gidan ba ta taɓa ɓata ba. Ita ce kuma aka fi yi wa gunaguni.

Duk wannan dambarwar ana yin ta ne a shigifa, tsakanin maza. A cikin gida ƙanwar amarya ta riga ta gama. Ta karɓi bidiyon daga wayar mai ɗaukar hoto tun ranar walima ta Xender, wadda ke haɗa waya da waya kai tsaye ba ta cin data, ta tura wa Inna da Gwaggo da matan sashe uku. Na Legas da na Yamai ta aika musu ta WhatsApp, kuma ta san a tura shi a matsayin takarda don kada a matse shi ya dushe, ta san tun 2022 ana karɓar har giga 2, don haka ta sa aka yanka shi gida uku. Ba ta san SMB ba, ba ta da niyyar sani. Hanyarta tana da nata kuɗin: bidiyo ɗaya ya zama kwafi goma sha, kowace waya tana kukan memori ya cika, kuma ranar da aka nemi na asali mai kyau ba wanda zai san wanne ne. Amma matan sun kalli bikin sau biyu, sun gama tantance wa ta sa leshin aro, tun maza suna neman rasit. Ta leƙo shigifa da tiren shayi ta ce, "Yaya, har yanzu ba ku gama ba?" Ɗan Linux ya ce mata abin da take yi ba shi ne tsari ba.

Wajen isha'i abu ya daidaita. An keɓe lamba, an buɗe asusu guda na rabawa mai kalmar sirrin da aka rubuta a bangon littafin Inna na adashi, an ba masu karatu karatu, masu rubutu rubutu, Windows ta ga Ubuntu, Mac ta ga Windows. Injiniya ya rufe laftof ya miƙe. A nan na ƙarshensu yake fitowa, wanda tun safe yake kishingiɗe a tabarma bai ce uffan ba sai ɗora wa zafi laifi. Ya gyara hula ya ce, "To tunda hannunka na ciki, haɗa muna firintar ga ta ɗakin Alhaji, kowa shi riƙa bugawa daga wurinshi. Ai wannan ba wuya."